Makomar Motocin Alfarma da Hukuma ke Ƙwacewa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa wucewa ta gaban babban ofishin 'yan sanda, ko harabar kwastan, ko farfajiyar wata kotu a biranen ƙasar nan, da wuya a ce idonsa bai faɗa kan jerin motocin da suka daɗe a ajiye ba. Wasu tayoyinsu sun sace sun nutse cikin ƙasa, wasu ciyawa ta tsiro ta ƙarƙashinsu ta lulluɓe su, wasu kuwa ƙura ta rufe su har yara kan rubuta sunayensu da yatsa a jikin gilashi. A cikin waɗannan motoci akwai tsofaffin motocin haya da suka yi haɗari. Akwai kuma na alfarma, irin waɗanda a da idan suka ratso gari sai an tsaya ana kallonsu.

A ranar da aka kama irin waɗannan motoci akan yi shela a rediyo da talabijin, a buga hotunansu a jaridu, jama'a su yi ta sa albarka. Daga nan sai maganar ta mutu, motocin su ma su bi ta a hankali. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, ƙwace mota rabin aiki ne kawai. Aikin ba ya cika sai ranar da darajar motar ta koma ga masu ita na haƙiƙa, ko dai mutumin da kotu ta wanke, ko kuma jama'ar ƙasa, waɗanda cikinsu har da manomi da makiyayi da ɗan makarantar firamare na Ƙaramar Hukumar Kebbe a kudancin Jihar Sakkwato. Motar da ta ruɓe a hannun hukuma ba ta kai ga ko ɗaya daga cikinsu ba.

2.0 Kamawa da Ƙwacewa

Kafin a yi nisa, ya kamata a rarrabe wasu kalmomi da ake yawan cakuɗawa a labarun kafofin watsa labarai. Akan ji an ce "an gano", ko "an kama", ko "an ƙwace", kamar duk ma'anarsu ɗaya, alhali a wajen shari'a kowace da matsayinta.

Kamawa ita ce matakin farko. Hukuma ce ke riƙe mota domin ta yi bincike, amma har zuwa lokacin motar tana nan a matsayin mallakar mai ita. Mataki na biyu shi ne ƙwacewa ta wucin gadi, inda kotu ke ba hukuma izinin ci gaba da riƙe motar, ta kuma umarci a yi cigiya a jarida domin duk mai da'awar tasa ce ya fito ya kawo hujja. Mataki na uku shi ne ƙwacewa ta dindindin, wato kotu ta yanke hukuncin cewa motar ta zama ta gwamnati. Sai an kai wannan mataki ne hukuma kan sa ta a gwanjo.

Mai sauraren rediyo a ƙauye idan ya ji an ce "an ƙwace", sai ya ɗauka kuɗi sun riga sun shiga baitulmali. A haƙiƙa kuwa tsakanin mataki na farko da na uku akan ɗauki shekaru, kuma a wannan tsakanin ne motoci ke mutuwa. Ke nan ana iya cewa irin wannan mota sau biyu ake yasar da ita. Da farko mai ita ya yasar da ita, ko don tsoron kamu ko don ta yi masa yawa. Daga baya kuma hukumar da ta kama ta ta sake yasar da ita a filin ajiya.

3.0 Hanyoyin da Motocin ke Biyowa

Manyan hanyoyi uku ne ke kawo motocin alfarma hannun hukuma a wannan yanki. Ta farko ita ce fasa-ƙwauri. An daɗe ana sauke motoci a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, a biyo da su ta Jamhuriyar Nijar, a shigo da su ta iyakoki irin na Illela a Jihar Sakkwato da Kamba a Jihar Kebbi. Daga ranar 1 ga Janairun 2017 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Wannan ya sa masu sumoga suka ƙara komawa ga hanyoyin daji, kuma sau da yawa idan direba ya ga jami'an kwastan sun rutsa shi, sai ya bar mota ya ranta a na kare. Mai ita kuma ba zai zo nema ba, domin zuwansa amsa laifi ne.

Hanya ta biyu ita ce binciken almundahana. A watan Fabrairun 2017 Hukumar Yaƙi da Masu Yi wa Tattalin Arzikin Ƙasa Ta'annati, wato EFCC, ta sanar da cewa ta gano motoci 17 a wani ɗakin ajiya a Kaduna, wanda ta ce mallakar tsohon shugaban hukumar kwastan ne, Abdullahi Dikko Inde. Ko ma dai na wane ne, abin lura a nan shi ne motocin a kulle aka same su. Mutum ɗaya ba ya hawa mota biyu a lokaci guda. Saboda haka tun kafin hukuma ta iso, an riga an mayar da su dukiyar da ba ta aiki.

Hanya ta uku ita ce taƙaddamar da kan biyo bayan sauyin gwamnati. A watan Yunin 2023 'yan sanda sun kwashe motoci fiye da 40 daga gidajen tsohon gwamnan Zamfara, Bello Matawalle, a Gusau da Maradun. Sabuwar gwamnati ta ce na jiha ne, shi kuma ya musanta ya garzaya kotu, har a watan Disambar wannan shekara Babbar Kotun Tarayya da ke Sakkwato ta yi watsi da ƙararsa. A Jihar Sakkwato ma, a shekarar 2023 Gwamna Ahmed Aliyu ya kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Mu'azu Pindiga domin duba yadda aka sayar da kadarorin gwamnati a zamanin gwamnatin da ta gabace shi. Ba aikin wannan maƙala ba ne ta ce wane ne mai gaskiya a waɗannan rigingimu. Abin da suke nunawa dai shi ne, motar gwamnati ta zama abin da ake kai ruwa rana a kansa duk lokacin da mulki ya sauya hannu.

Matsalar ba ta tsaya ga Nijeriya kaɗai ba. Lokacin da tattalin arzikin Dubai ya girgiza a shekarar 2009, baƙi da yawa da bashi ya yi wa katutu sun bar motocinsu a filin jirgin sama sun gudu. A Gambiya kuwa, da Yahya Jammeh ya bar mulki a watan Janairun 2017, an tarar da motoci irin su Rolls-Royce da Bentley da Hummer a fadar shugaban ƙasa, suka yi ta shan ƙura ana jiran a san yadda za a yi da su.

4.0 Abin da ke Samun Mota a Ajiye

Akwai masu zaton cewa motar da ba a hawa tana hutawa ne. Kowane bakanike ya san ba haka abin yake ba. An ƙera mota domin tafiya, kuma zama wuri ɗaya ciwo ne a gare ta. Cikin 'yan makonni batir ke mutuwa. Tayoyi su sace, gefen da ke ɗauke da nauyi ya lotsa ya tsattsage. Fetur ɗin da ya rage a tanki ya lalace cikin watanni, ya yi danƙo ya toshe hanyoyinsa. Baƙin mai ya tsiyaye ya koma ƙasa ya bar sassan inji a bushe. Robobin da ke hana yoyo su ƙandare su fashe, birki kuma ya cije da tsatsa.

Yanayin wannan yanki yana ƙara wa abin sauri. A ƙasar Sakkwato zafin bazara kan haura digiri 40 tsakanin watan Maris da Mayu, ya ƙone fenti, ya fasa fatar kujeru. Hunturu ya zo da ƙura ya cusa ta ko'ina, damina ta biyo baya da laima da tsatsa. Ɓeraye kuma su sami gida, su yi ta gaigayar wayoyin lantarki. A nan ne motar alfarma ta fi tsohuwar motar haya rauni, domin kusan kome nata yana tafiya ne da na'ura mai ƙwaƙwalwa. Idan ruwa ko ɓera ya taɓa ta, gyaran ya fi ƙarfin bakaniken bakin titi, kayan gyaran kuma sai an yi odarsu daga waje da dala. Bugu da ƙari, mota abar yayi ce. Kowace shekara kamfani na fito da sabon samfuri, farashin na bara ya faɗi ko da ba a taɓa hawansa ba. A ƙarshe kuma ga hannun ɗan Adam: yau madubi ya ɓace, gobe fitila, jibi batir, har a wayi gari abin da ya rage sai dai a kira 'yan gwangwan su auna a sikeli.

A zamanin da doki ne abin hawan masu mulki, ba a samun irin wannan sakaci cikin sauƙi. Idan aka kama doki dole a ba shi ciyawa da ruwa, in ba haka ba haniniyarsa ta hana unguwa barci, ramarsa kuma ta tona asirin mai riƙonsa. Haka ma dabbar da ta ɓata ko ta yi ɓarna a gona, akan kai ta gidan mai gari, a yi cigiya, kuma ba a barinta ta mutu a turke ana kallo. Mota ba ta kuka, shi ya sa take iya shekara biyar tana mutuwa a gaban ofishi ba wanda ya damu.

5.0 Asarar ta Wace ce?

Idan motar da aka saya da kuɗin sata ta ruɓe a hannun hukuma, jama'a sun yi asara sau uku. Ta farko ranar da aka ɗebi kuɗin daga baitulmali, ko aka ƙi biyan kuɗin fito. Ta biyu kuɗin da aka kashe wajen bincike da shari'a da gadin motar, domin jami'ai da lauyoyi da masu gadi duk daga aljihun gwamnati ake biyansu. Ta uku ita ce ruɓewar motar kanta. An tashi ba tsuntsu ba tarko.

Domin a gane girman abin da ake magana a kai, sai a dubi lissafi ɗaya. A shekarar 2023 an yi ta ce-ce-ku-ce a kan motocin da aka saya wa 'yan Majalisar Wakilai, waɗanda jaridu suka ruwaito cewa kowace ta kai kimanin naira miliyan 160. A shekarar 2024 kuma aka sa hannu a dokar da ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a wata. Ma'aikacin da ke kan wannan albashi sai ya yi kimanin shekara 190 yana aiki, bai ci ba bai sha ba, kafin ya tara kuɗin irin wannan mota guda ɗaya. Wannan shi ne nauyin abin da ake bari rana da ruwa su cinye.

Kebbe ƙaramar hukuma ce da ke maƙwabtaka da Tambuwal, ta kuma yi iyaka da jihohin Kebbi da Zamfara. Ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutum 124,658, mafi yawansu manoma da makiyaya da ke warwatse a ƙauyuka. Tsakaninta da birnin Sakkwato, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yake, tafiya ce ta fiye da kilomita 100. A ƙaddara mace ce a ɗaya daga cikin ƙauyukan nan naƙuda ta zo mata da gardama cikin dare, a tsakiyar damina. Abin da dangi za su fara nema shi ne abin hawa, kuma sau da yawa abin da ke kusa shi ne kabu-kabu ko amalanke. Wannan mace ba ta taɓa ganin filin ajiyar kwastan ba, ba ta kuma san sunan ko ɗaya daga cikin motocin da ke ciki ba. Amma tana da haƙƙi a cikinsu, domin kuɗin guda ɗaya, da an sayar da ita da sauran ranta, ya isa ya sayi motar ɗaukar marasa lafiya. Haka abin yake ga yaron da ke zaune a ƙasa a ajin da iska ta yaye wa kwano. Tazarar da ke tsakanin filin ajiya da ƙauye ce ke sa ba a ganin alaƙar, amma aljihun ɗaya ne.

Magabatan wannan ƙasa sun daɗe da hango wannan. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, a littafinsa Tazyinul Waraƙati, ya koka a kan yadda wasu suka karkata ga neman mulki da tara tufafin ƙawa da dawakin sukuwa cikin gari, suka bar abin da aka fito dominsa. Abin hawan ya sauya, halin yana nan.

6.0 Hanzarin Masu Cewa a Dakata

Ba kowa ne ya yarda a gaggauta sayar da motocin da aka kama ba, kuma masu wannan ra'ayi suna da hujjojin da ya kamata a saurara.

Hujja ta farko, kuma mafi ƙarfi, ita ce haƙƙin mai mota. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗauki duk wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai kotu ta tabbatar da laifinsa. Ta yaya za a sayar da kayan mutum alhali ba a gama shari'arsa ba? Wannan tsoro yana da tushe a tarihi. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa kamuwa, wato kama dabbobin talakawa ba da izininsu ba domin ɗaukar kayan sarki, a cikin zaluncin sarakunan zamaninsa. Ashe ba kowane kamu ne adalci ba. Sai dai idan aka duba da kyau, jinkirin ya fi cutar da marar laifi. Mutumin da kotu ta wanke bayan shekara shida, aka miƙa masa gangar jikin motar da ba ta ko tashi, an ba shi gaskiyarsa a takarda an hana shi dukiyarsa. Da an sayar da ita a farashin kasuwa tun tana da daraja, aka ajiye kuɗin, da ya karɓi abin da zai amfane shi. Malaman fiƙihu sun daɗe da yin wannan bayani, cewa idan abin da ake jayayya a kansa mai saurin lalacewa ne, alƙali na iya sayar da shi ya riƙe kuɗin har a gama shari'a. Dokar Ƙwato da Kula da Dukiyar da Aka Samu ta Hanyar Laifi, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2022, ita ma ta ba hukumomi damar neman izinin kotu su sayar da kadarar da ake tsoron darajarta za ta zube. Ke nan ƙofar a buɗe take, abin da ya rage shi ne a riƙa shiga ta cikinta a kan kari.

Hujja ta biyu ita ce mota kayan shaida ce, dole ta tsaya har a gama shari'a. Wannan gaskiya ne ga motar da aka yi kisa ko fashi da ita, inda alƙali ke bukatar ganin gurbin harsashi ko wata alama. Amma a shari'ar almundahana ko kuɗin fito, abin da kotu ke nema shi ne takardun saye da lambar inji da lambar jikin mota da hanyar da kuɗi suka bi. Duk waɗannan ana iya adana su a hoto da rubutu, a gaban lauyoyin ɓangarorin biyu.

Hujja ta uku ita ce gwanjon kansa ba abin yarda ba ne. Jama'a na zargin cewa akan raba motocin tun kafin a buga ƙararrawa, manya da 'yan uwansu su saye a farashin banza. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Wannan zargi ba a Nijeriya kawai ake yin sa ba. A shekarar 2025 matasa sun yi zanga-zanga a Gambiya suna neman a bayyana waɗanda suka sayi kadarorin Jammeh da nawa suka biya. A nan gida kuma, lokacin da EFCC ta sa motoci 891 a gwanjo ta intanet a watan Janairun 2025, masu saye da dama sun yi ƙorafin cewa shafukan sun riƙa rufe musu ƙofa ana tsakiyar tayi. Amma maganin gwanjon da ba shi da tsabta shi ne a tsabtace shi. Barin mota ta ruɓe don gudun kada a saye ta da arha, gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Akwai kuma masu ganin a farfasa motocin a bainar jama'a don ya zama darasi, kamar yadda Shugaba Rodrigo Duterte na Filifin ya yi a 2018, inda ya tsaya yana kallo katafila ta murƙushe motocin sumoga fiye da 60 da aka ƙiyasta kuɗinsu ya haura dala miliyan 5. Abin ya ƙayatar a talabijin, amma ƙasar da ɗalibanta ke karatu a gindin bishiya ba ta da rarar da za ta yi irin wannan wasa. Wasu kuma na cewa a raba wa ma'aikatun gwamnati. Wannan ya dace da motocin aiki irin su a-kori-kura da bas. Motar alfarma kuwa ba ta zama motar asibiti, ba ta jure hanyar karkara, man da take sha da kuɗin gyaranta sun fi ƙarfin ƙaramar hukuma. Ƙarshenta ta koma ƙofar gidan wani babba, an sauya mahayi kawai.

7.0 Mafita

Akwai misalan da ke nuna cewa abin mai yiwuwa ne. A shekarar 2016 mahukuntan Suwizalan sun kama motocin Teodorin Obiang, ɗan shugaban ƙasar Ikwatoriyal Gini. An adana su da kyau, kuma a watan Satumbar 2019 aka yi gwanjon guda 25 a kusa da Janeba, a gaban 'yan jarida, aka sami kimanin dala miliyan 27, bisa yarjejeniyar cewa kuɗin za su tafi ga ayyukan jin daɗin jama'ar ƙasar tasa. A Nijeriya ma an fara ganin alamun haka a wasu kadarori. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta ba da umarnin a ba asusun lamunin ɗalibai naira biliyan 50 daga kuɗin da EFCC ta ƙwato. A 2025 kuma wata jami'a mai zaman kanta da kotu ta ƙwace a Kachiya ta Jihar Kaduna ta koma jami'ar tarayya. Abin da ya sa waɗannan suka shiga ran jama'a shi ne ana iya nuna su da yatsa.

Bisa wannan, ana ba da shawarwari kamar haka:

(a) Duk motar da aka kama a rubuta ta a rajista a ranar, da hotonta da lambobinta da ƙiyasin kuɗinta, a kuma ba mai ita ko lauyansa kwafi.

(b) A sa wa'adi na 'yan watanni. Idan ya cika ba a gama shari'a ba, ya zama wajibi hukuma ta nemi izinin kotu ta sayar, a ajiye kuɗin a asusu na musamman har a yanke hukunci.

(c) Kafin wa'adin ya cika, a ajiye motar a ƙarƙashin rumfa, a riƙa tayar da ita lokaci-lokaci, kuma jami'in da ya sa hannu ya karɓe ta shi zai amsa tambaya idan wani abu ya ɓace.

(d) A yi shelar gwanjo da Hausa da sauran harsunan ƙasa a gidajen rediyo irin su Rediyon Rima, kada a tsaya ga jaridun Turanci da intanet kawai. A hana jami'an hukumar da iyalansu saye, bayan an gama kuma a buga sunan kowane mai saye da abin da ya biya.

(e) A ɗaura kuɗin a kan aiki mai suna da wuri. Idan aka gina aji ko aka sayi motar asibiti da su, a rubuta a jiki cewa daga kuɗin motocin da aka ƙwace ne. Ranar da mutumin Kuchi ko Kebbe ya karanta wannan rubutu a bangon makarantar 'ya'yansa, ba ya bukatar wani ya yi masa lacca a kan amfanin yaƙi da almundahana.

8.0 Rawar da Malami Zai Taka

Mai shirin zama malami zai iya tambaya, ina ruwan aji da motocin manya? Amsar tana cikin harshe. Bahaushen yau ya saba cewa "kayan gwamnati", kuma a ransa ma'anar ita ce kayan da ba su da mai su. Wannan fahimta ce ke sa wani ya ɗebi kuɗin jama'a ya sayi motocin da ba zai hau ba, ita ce kuma ke sa jami'i ya wuce ta gabansu kullum suna ruɓewa bai ji kome ba. Da za a saba wa yara da cewa "kayan jama'a" ko "kayanmu", da an sauya yadda suke kallon abin.

Hasali ma, kusan kowace makaranta tana da nata filin ajiyar. Akwai karyayyun bencina da aka tara a bayan aji, waɗanda ƙusa huɗu za ta mayar da su aiki. Akwai littattafan da aka kulle a sito don kada su yage, gara ta cinye su. Akwai famfon da ya tsaya saboda ƙaramar roba. Malamin da ya sa ɗalibansa suka ƙidaya kayan ajinsu a farkon zango, suka rubuta, suka sake ƙidayawa a ƙarshe, ya koya musu rajista da riƙon amana a aikace. Malamin Hausa kuma yana da dama ta musamman, domin zai iya mayar da wannan batu kan muhawara, ko insha'i, ko wasiƙa zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma. Daga cikin yaran da ke gabansa ne za a sami jami'in kwastan da alƙali da ɗan majalisa na gobe, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

9.0 Kammalawa

An ga bambancin kamawa da ƙwacewa, da hanyoyin da motocin alfarma ke bi su faɗa hannun hukuma, da yadda zama wuri ɗaya ke cinye su, da kuma wanda asarar ke faɗawa kansa. An kuma auna hujjojin masu cewa a dakata, aka ga cewa sayarwa cikin lokaci, da izinin kotu, a idon jama'a, ta fi kare mai gaskiya da baitulmali gaba ɗaya. Saboda haka bai kamata a riƙa auna ƙwazon hukuma da yawan motocin da ta jera a gaban 'yan jarida ba. Tambayar da ta dace jama'a su riƙa yi, shekara guda bayan kowane kamu, ita ce: ina motocin suke, nawa aka sayar da su, wa ya saya, kuma me aka yi da kuɗin?

Tambayoyi

1. Bayyana bambancin da ke tsakanin kamawa, da ƙwacewa ta wucin gadi, da ƙwacewa ta dindindin.

2. Kawo asara uku da maƙalar ta ce jama'a na yi idan motar da aka ƙwace ta ruɓe.

3. Wace hujja ce ta fi ƙarfi a cikin hujjojin masu cewa a dakata da sayarwa? Kare zaɓinka.

4. Fito da karin magana uku da aka yi amfani da su, ka bayyana yadda kowane ya dace da wurin da aka sa shi.

5. Tsara darasin minti 40 ga 'yan aji shida na firamare a kan kula da kayan jama'a.